Kada ka bar mai kamfani ya riƙe makirufo

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya. Ka ce wani kamfani a nan Gombe ya neme ka ka shirya musu irin taron da ma'aikata ke zaɓar abin da za a tattauna da kansu, kana tambayar wane zaure za ka kama, kujera nawa, da yadda za ka tsara jadawali. Shekara uku kana riƙe min jaka, yau kujera kake tambayata? Ƙirga mutane, ka ƙirga kujeru. Jadawali kuwa, in ka shiga da shi a rubuce, ka kashe taron tun ba a yi addu'ar buɗewa ba. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne inda mai kamfanin zai zauna a ranar. Ta nan aka cuce ni, kuma har yau abin yana ci min rai.

A watan Fabrairun 2023, lokacin wahalar canjin kuɗi, wani mai kamfanin casar shinkafa ya kira ni ofishinsa. Ya ce shinkafarsa karyewa take yi a inji, 'yan kasuwa sun fara juya masa baya, ya ɗauko injiniyoyi har daga Kano ba su gano komai ba. Na ce masa, Alhaji, maganin yana cikin gidanka, ba a dai taɓa tambayar masu shi ba. Muka yi ciniki zan shirya masa irin wannan taron a kan naira dubu ɗari huɗu, ya ba ni dubu ɗari kafin alƙalami, sauran sai an gama. Da baki muka yi, don wanda ya haɗa mu mutum ne da nake jin nauyinsa. Mai abinci da mai rumfa suka ce su tsaba suke so, na bi masu POS ina sayen kuɗi da kuɗi, a kowace dubu goma a zabge min dubu biyu.

Mako guda na yi ina zuwa wurin masu aikin dare. Na sha shayi da leburori da direbobi da masu sito, ina rantse musu cewa duk abin da mutum ya faɗa ba zai zame masa laifi ba. Akwai wani dattijo mai kula da shanya, ya fi shekara ashirin yana harkar shinkafa. Sai a dare na huɗu ya dube ni ya ce, "Malam, ka ɗauki alkawari?" Na ce na ɗauka.

Ranar taro mutum sittin suka zauna a da'ira. Bango fayau, sai layukan lokaci da wuraren zama: gindin dogon yaro, bakin sito, rumfar masallaci. Na ajiye kwali da alƙalamin maka a tsakiya na koma gefe. Aka yi tsit. Can dattijon nan ya miƙe, ya durƙusa, ya yi rubutunsa da ajami don bai yi boko ba, ya ɗaga ya karanta: "Gaggawa ce ke karya shinkafa." Ya manna a bango. Kafin minti ashirin kwali goma sha huɗu sun hau, kusan rabin jama'a kuma wurinsa suka nufa.

Ƙarfe sha ɗaya sai ga Alhaji da tawagarsa. Ya ce ina babban tebur, aka jawo masa. Ya ce a ba shi makirufo, ni kuma na miƙa masa da hannuna saboda kunya. Awa ɗaya da rabi yana ba da tarihin yadda ya fara da buhu biyar. Da ya gama ya bi bango yana karanta kwalaye, ya tsaya a kan na ajamin ya ce wa ya rubuta wannan. Dattijo ya tashi, ya yi bayani cikin ladabi. Ya ce shanshera in an jiƙa an turara, ba a busar da ita a tashi ɗaya cikin zafin rana. Ana rage mata ruwa, a tara ta ta huta, sannan a ƙarasa. In an matsa mata, ƙwayar tsagewa take yi tun tana cikin ɓuntu, inji kawai ƙarasa ta yake yi. Ya ce na'urar gwada danshi ta lalace tun bara, da haƙori suke gwadawa, alhali ana so danshin ya sauka wajen kashi 14 cikin ɗari kafin a zuba a inji. Duk wanda ya san shinkafa ya san gaskiya ya faɗa. Amma wanda ya ba da umarnin a riƙa sauri ƙanen Alhaji ne, shi ne manaja, yana zaune a gefensa.

Bayan azahar na ga mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ɓalle kwalayensu suna cusawa a aljihu. Mako biyu bayan nan aka sallami dattijon. Da na je karɓar cikon kuɗina, Alhaji ya ce, "Kai me ka yi? Ko lacca ba ka gabatar ba, yarana ne suka yi ta surutu." Dubu ɗari uku ta tafi ke nan, ban da abin da na zuba daga aljihuna. Daga baya wani direbansu ya gaya min sun sayi sabuwar na'ura, sun koma shanya hawa biyu, yadda tsohon ya ce. Na haɗu da dattijon sau ɗaya a Tashar Dukku, shi ya fara gaishe ni, na kasa haɗa ido da shi.

Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin nan fosta ne da majigi da hoton da za a sa a Facebook. Wanda ya fito da tsarin, Harrison Owen, Ba'amurke ne. Shekara guda ya kwashe yana shirya wani taro na mutum 250 a 1983, da aka tashi jama'a suka ce lokacin hutun shan kofi ya fi musu amfani. Shi ya sa a 1985 ya gwada taro ba ajanda, zaman da'irar kuma a wani ƙauye na Laberiya ya gan shi. Cikin ƙa'idojinsa akwai dokar ƙafa biyu: in ba ka ƙaruwa, ba a kuma ƙaruwa da kai, tashi ka koma wani zaman. To gaya min, wane lebura ne zai tashi alhali mai biyansa albashi yana magana?

Kuma na san halinka, ba ka jure shiru. Da an yi minti ɗaya ba wanda ya motsa, sai ka fara kiran suna ko ka ce a tura batutuwa ta WhatsApp. Rabin masu ilimin wurin ƙaramar waya gare su. Sa hannunka a aljihu ka jira, wani zai tashi.

Gobe ka koma wurin mai kamfanin da takarda. Kashi biyu cikin uku na kuɗinka kafin ka sayi ko kwali. A rubuta cewa aikinka shirya zama ne, ba lacca ba. Shi kuma minti biyar gare shi da safe, ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa ba wanda za a hukunta kan maganarsa, sannan ko ya zauna a da'ira kamar kowa ko ya tafi ofis sai an kai masa rahoto, rahoton kuma ba suna a ciki. Ka binciki su wane ne 'yan'uwansa a cikin manajoji tun kafin ranar. In ya ce zai yi tunani a kan sa hannu, ɗauki takardarka ka taho shago, akwai aikin wata ƙungiyar manoma a Dadin Kowa ranar Asabar, ina neman mai riƙe min allo.