Hoton jirgin kaya, kafin ya iso ake gama shi

Ka dawo daga tafiyarka ta karkara, ka dire mini kyamara a kan tebur, ka ce: "Maigida, awa uku na yi a bakin dogo ina jiran jirgin kaya. Da ya zo na ɗauki hoto sama da talatin, babu na kirki ko ɗaya. Kan jirgin ya fito baƙi ƙirin, rubutun jikin taragai ya dagule, tsawon nan nasa da ya ba ni mamaki kuwa ko alamarsa babu. Gilashin ne ya gaza, ko matsawa kusa ya kamata in yi?"

Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ɗana. Gilashin kyamararka lafiyarsa ƙalau. Maganar matsawa kusa kuwa ka cire ta daga ranka tun yanzu, zan dawo kanta. Inda aka samu matsala shi ne awa ukun nan: zaman jira ka yi da su, alhali a cikinsu aikin yake. Jirgin kaya ba ya riƙe lokaci kamar na fasinja, kuma idan ya ɓullo, daƙiƙa biyar ko shida ne rabonka da kan jirgin a inda kake son sa. Wanda sai a lokacin zai fara juya maɓallai, ya riga ya makara.

Fara da rana. A hotunanka tana bayan jirgin, shi ya sa fuskarsa ta faɗa cikin inuwa. Da isarka wuri, kafin ka buɗe jaka, fuskanci dogon ka dubi inuwarka. In ta miƙa wajen da jirgin zai fito, rana na bayanka, kuma za ta haska masa goshi da gefe. A layin da ya miƙe gabas da yamma, jirgin da ya nufi gabas na hantsi ne, wanda ya nufi yamma na la'asar ne. Tsakar rana ni ba na wahalar da kaina. Haske na sauka daga tsakiyar ka, ƙafafun jirgi da duk ƙarafan ƙasa su nutse cikin duhu, ga kawalwalniya na tashi daga tsakuwar dogo tana karkaɗa duk abin da ke nesa. In ka sa dogon gilashi, mai jawo nesa kusa, a wannan zafin, kan jirgin zai fito kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, kuma babu kwamfutar da za ta miƙar maka da shi.

Akwai kuma fitilar goshi. Kyamarar da ka bar wa ikon auna haske, da ta ga fitilar nan sai ta ɗauka duniya ta yi fari, ta rage hasken hoton gaba ɗaya. Wani lokacin ma saitin gani ya ruɗe, ya yi ta kai da kawowa har jirgin ya wuce. Maganinsa, ka karɓi ragamar da hannunka. Zaɓi alama guda a bakin layin, turken waya ko allon kilomita, ka ce wa kanka nan kan jirgin zai kai in danna. Saita gani a kan alamar, auna haske a kan tsakuwa ko ciyawar da rana ta buga, ɗauki hoton dogon ba kowa a kansa, ka duba. In gajimare ya gifta, sake gwadawa. Haka za ka yi ta yi har ka ji hon.

Dagulewar rubutu kuwa lissafi ne. Kyamararka ta nuna a kan 1/125 ka ɗauka, ma'ana shata, murfin da ke buɗewa haske ya shiga, ta buɗe na kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Jirgin da ke gudun kilomita 80 a awa yana cin kusan mita 22 a daƙiƙa guda, wato a ɗan buɗewar shatar nan ya matsa kusan santimita 18, taƙi guda ke nan. A kan 1/1000 santimita 2 kacal zai matsa, faɗin yatsa. Saboda haka in rana ta fito sosai, sa 1/1000, ƙofar haske f/8, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 200 ko 400. In gari ya lumshe, ɗaga ISO, kada ka taɓa shatar. Ɗan burɗi-burɗin da ɗaga ISO ke kawowa a hoto ana jure shi, amma lambar kan jirgi da ta shafe ta tafi ke nan. Kuma jirgin da ke gifta ka a kaikaice ya fi saurin dagulewa a kan wanda ke tunkaro ka ta kusurwa.

Yanzu tsawo, wanda shi ne ya fi ci maka rai, ni ma shi ya ja ni wannan aikin. Jirgin kaya dogo ne ba na wasa ba. Wanda ke dakon tama a Muritaniya, daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, tafiyar kusan kilomita 700 cikin hamada, yakan haura kilomita 2. A Ostireliya a 2001 an haɗa mai tarago 682, tsawonsa ya wuce kilomita 7. Amma ko wane irin tsawo gare shi, in ka tsaya a miƙaƙƙen layi, a ƙasa, daf da shi, kan jirgin zai rufe duk abin da ke bayansa. Bango ka ɗauko. Tsawo kwana yake so, da tudu. Nemi inda layin ya lanƙwasa, ka tsaya ta cikin kwanar a kan wani jigawa ko gadar mota mai wurin masu ƙafa, sai ka ga taragai sun jeru a bayan kan jirgin kamar tsakiya a zare, har su ɓace bayan itatuwa. Ka bar wa karkarar wuri a hoton: gona, rafi, garken shanu can nesa, tsohuwar tasha. Da su ido ke auna girman abin. Ka kuma bar fili a gaban kan jirgin, don ya sami inda zai shiga. Kada ka sauke kyamara da wucewar kai, wasu jiragen suna da wani injin a tsakiya ko a wutsiya yana turawa.

Wani mai hoto a Amurka, O. Winston Link, daga 1955 zuwa 1960 ya bi jiragen gawayi na ƙarshe na layin Norfolk and Western yana ɗaukarsu da dare. Sai ya shimfiɗa wayoyi, ya kafa fitilu masu yawa, ya tsara komai, sannan jirgi ya zo ya danna sau ɗaya. Da yardar kamfanin ya yi. Kai da ba ka da wannan yardar, kada ka kuskura ka walƙa wa direba fitila a ido.

To, batun matsawa kusa. Jikin jirgi ya fi dogonsa faɗi, yana leƙowa kusan mita guda ta kowane gefe, ban da sarƙa ko igiyar ɗaurin kaya da kan kwance tana shara. Jirgi mai cikakken lodi a gudun kilomita 90, ko direba ya danna birki iya ƙarfinsa, yakan ci fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Ya gan ka, amma ba abin da zai iya yi maka. Dogon gilashi kuma maƙaryaci ne, yana matse nisa, ido na ciki ba ka gane ya iso.

Shekarun baya na taɓa tsayawa a gefen layi mai hanya biyu, idona a kyamara, ina bin taragan wani jirgi a ɗaya hanyar. Ƙararsa ta cika mini kunne. Ban ji na biyun ba sam, iskarsa ce ta fizge mini hula, tsakuwa ta fallatso mini a ƙwauri. Na juyo na ga ƙarfe na wucewa a nisan da hannuna zai iya taɓawa. Na zauna a ciyawa, gwiwoyina na rawa, na daɗe ban iya rufe jakar ba. Tun ranar ba na kusantar dogo ƙasa da taku goma sha biyar, ba na hawa gadar jirgi, ba na shiga shingen kamfani, gonar mutum kuma sai na yi sallama na nemi izini.

Ka koma wurin nan dai. A hotonka na goma sha ɗaya na hango kwana ta hannun hagu da wani ɗan tudu a cikinta. Je ka da sassafe, hau tudun, dubi inuwarka, zaɓi turkenka. In ka dawo, hoton dogon da ba jirgi a kansa nake so in fara gani.