Kafin ka cika rumbun Squid, ka fara kulle ƙofa

Ka tambaye ni yadda ake haɗa Squid, manhajar da ke tsayawa tsakanin masu lilo da intanet, da dnsmasq, mai nemo adireshin shafi daga sunansa, a kwamfuta ɗaya, domin ta riƙa tace shafukan da ake buɗewa, ta kuma adana abin da aka riga aka sauke. Ba zan tsaya koya maka sa Linux ko shigar da manhajojin ba, domin wanda ya shekara biyu a shagona bai iya wannan ba, gara ya nemi wata sana'a. Zan amsa maka ne saboda tambayarka ta fama mini wani tsohon miki.

A zamanin da gidajen intanet na Kano suka dogara da VSAT, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, layi na da tsada ga jan jiki kamar hawainiya, wani alhaji ya ba ni aikin kafensa. Na kwana uku a kansa, na ware wa Squid rumbu mai faɗi na adana shafuka, na toshe shafukan batsa da squidGuard, har masu lilo suka ɗauka an ƙara ƙarfin layin. Ya ba ni rabin kuɗina, ya ce sauran sai ƙarshen wata. Ashe bayan tafiyata sun ƙara kwamfuta ɗaya ta ƙi shiga intanet, sai ƙanensa, maimakon ya kira ni, ya buɗe squid.conf, fayil ɗin saitin Squid, ya mayar da http_access deny all, dokar da ke hana baƙi shiga, zuwa allow all mai barin kowa ya shiga, alhali injin yana da adireshin da duk duniya ke gani. Ba a rufa mako ba layin ya shaƙe. Da na je da asuba, shago a kulle, babu kowa a kan kujera, amma fitilun modem suna ta ƙyaftawa babu tsayawa. Na buɗe access.log, rajistar duk wanda ya bi ta Squid, na nuna wa alhajin adireshin baƙi daga ƙasashen waje suna bi ta ƙofa 3128, wadda ta nan ake shiga Squid, suna shan layin da ya biya. Ya dube ni a gaban yaransa ya ce ni na lalata masa kaya. Na gyara, ya hana ni cikon kuɗina, ya kuma ɓata mini suna wajen mutum biyu da suka riga suka yi mini alkawarin aiki. Har yau ban yafe ba.

Saboda haka ka sani, Squid yana karanta dokokinsa daga sama zuwa ƙasa, kuma wadda ta fara dacewa ita yake bi. Ka ba kwamfutocin gida izini da adireshinsu, deny all ya zama na ƙarshe, sannan ka ɗaure http_port, wato saitin ƙofar Squid, a kan katin da ke haɗa injin da kwamfutocin cikin gida kaɗai. Shi ma dnsmasq kada ya saurari kowa a ƙofarsa ta 53 sai 'yan gida da injin kansa. Sunayen shafuka 150 kawai yake riƙewa in ba ka ƙara cache-size ba, don haka ka ƙara, ka kuma sa wa Squid dns_nameservers 127.0.0.1, wato adireshin injin kansa, domin ya riƙa tambayar dnsmasq.

Ku yaran yanzu kuna kwafo saiti daga YouTube ba ku karanta layi ɗaya ba, sannan ku yi wa mai kaya alkawarin banza. Yawancin shafuka yau HTTPS ne, a kulle suke wucewa. Squid sunan shafin kawai yake gani, zai iya toshe shi, amma ba zai adana abin da ke ciki ba. Ka gaya wa mai aikin haka tun kafin ku yi ciniki, kuma kalmar sirrin injin ta zauna a hannunka har sai ya cika maka kuɗinka. Gobe da safe ka kawo mini squid.conf ɗinka in duba.