Amsa: Janareta ko sola?

Malam, tambayarka ita ce ko ka sayar da janareta ka sa sola, tunda kuɗin fetur na cinye maka albashi. Sa solar, amma kada ka yi gaggawar rabuwa da janaretan. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, ba ta kuma waiwayo ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne batir, ka sayi mai kyau ko da da tsada. Fanka, fitila da cajin waya, ƙaramar sola ta ishe ka. Amma injin jan ruwa da dutsen guga, ni har yau janareta nake tayar musu, musamman a Agusta da hadari ke wuni rufe da rana.