Buwayi, da zakaran da Allah ya nufa da cara

Wata 'yar'uwa daga Angwan Rukuba, nan Jos, ta aiko da tambaya. Ta ce ta ji wani dattijo a majami'arsu yana addu'a yana cewa "Buwayi gagara misali". Mece ce ma'anar Buwayi, kuma ya dace Kirista ya faɗe ta?

Malama, kalmar daga "buwaya" ta fito, wato abu ya fi ƙarfin mutum. Ana cewa ciwo ya buwayi masu magani, ko yaro ya buwayi iyayensa. Buwayi kuwa shi ne wanda ya buwayi kowa, shi ba a buwayarsa. "Gagara misali" na nufin babu abin da za a kwatanta shi da shi, kuma tambayar da ke Ishaya 40:25 ke nan: da wa za a kamanta shi? An fi jin kirarin a bakin Musulmi, gaskiya ne, amma Hausa ce tsantsa, kuma ban ga abin da ya hana dattijonku ba. Dubi Farawa 18:14, inda Saratu ta yi dariya don an ce za ta haihu tana kusan shekara 90, aka tambaya ko akwai abin da ya gagari Ubangiji. Amsar na Luka 1:37, a bakin mala'ika Jibra'ilu: babu abin da zai gagari Allah.

Wani ɗalibi daga Tudun Wada kuma ya nemi karin maganar da ta dace da labarin Yusufu. Ga ta: zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Muzuru na farauta a ƙasa, shaho ta sama, ɗan tsako ba shi da mafaka ke nan. Yusufu na da shekara 17 aka fara labarinsa, 'yan'uwansa suka sayar da shi a kan azurfa 20, matar ubangidansa Fotifar ta yi masa ƙazafi, ya sha kurkuku. Yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Sai dai kada ka tsaya a kan zakaran, kamar yadda masu rubuta ta a jikin mota ke yi don su yi wa maƙiya habaici. Nauyin maganar na kan "nufa", kuma kalmar da Yusufu kansa ya riƙe ke nan a Farawa 50:20, da ya ce wa 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufi alheri.