Kafin ka sayi kwamfutar zuwa Jamus

Ƙanena, na ga saƙonka, barka da samun gurbin karatu. Ka ce injiniyan kanikanci za ka karanta, kuɗin hannunka ba yawa, kana tambaya ko MacBook za ka saya ko mai Windows, ga abokinka kuma yana ta zuga ka kan Linux.

Fara tambayar manhajojin da sashenku ke koyarwa da su. SolidWorks, misali, manhajar zanen injina, a Windows kaɗai take aiki. Da can ana ɗora Windows a kan Mac ta Boot Camp, amma tun da Apple ya koma kan injinsa na M1 a 2020 wannan ƙofa ta rufe. Mac tana da daɗin aiki, batirinta kan kai mutum yini, ban musa ba. Sai dai Apple a jikin na'ura yake cin ribarsa: RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, a manne yake, ba a ƙarawa bayan saye, duk ƙarin da kake so tun a kanti za ka biya, da tsada kuwa.

Shi Microsoft hankalinsa ya koma kan Azure, hayar manyan kwamfutocinsa ta intanet, da kuɗin wata-wata na Microsoft 365. Shi ya sa Windows 11 ke matsa maka lallai sai ka buɗe asusu, OneDrive, ma'ajiyarsa ta intanet, na ta roƙon ka sayi ƙarin wuri, Copilot, mataimakinsa na AI, kuma ya zo ya zauna ba gayyata. Abin da ban haushi, amma da Windows ɗin nake aiki kullum.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne wajen sayen ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano. Tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro a cikin na'ura, da Intel jenareshan na 8 zuwa sama. Kada kyan jiki da arha su ruɗe ka ka ɗauko na 6 ko na 7.

Abokinka bai yi ƙarya ba. Ubuntu, wani nau'in Linux, kyauta ce, tana farfaɗo da tsohuwar na'ura, har jihar Schleswig-Holstein a nan ta ce za ta mayar da kwamfutocin ma'aikata kusan 30,000 kan Linux. Amma bari sai ka zauna da gindinka, ka ɗora ta gefe da Windows.

In kuma sai ka iso za ka saya, nemi mai madannan Ingilishi. A na Jamusawa Y da Z sun yi musayar wuri. Wata guda na yi ina rubuta wa Hajiya "zaza gida". Ka gaishe min da ita.