Adabi da ladabi, da batun "ɗakin kara"

Wata ɗaliba daga Ƙofar Marusa a Katsina ta rubuto: "Malam, kakata ta ce adabin da nake karanta a jami'a tatsuniya ce kawai, gara in koyi ladabi. Shin kalmomin nan biyu suna da dangantaka?"

'Yata, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu daga "adab" ta Larabci suka fito, kuma a wurin Larabawa kalmar ta haɗa kyawun ɗabi'a da waƙa da zube. Bahaushe ya fara aro ta ne tare da "al" ɗinta, al-adab ta koma ladabi, kamar yadda al-imam ya koma liman, al-khabar ya koma labari. Daga baya masu nazari suka sake ɗauko ta babu "al", suka raɗa wa fannin da kike karantawa.

Amma kada ki yi gaggawar kayar da Hajiya. Ita ce malamarki ta farko a wannan fanni, ko ba ta amsa sunan ba. Ranar da ta ce miki "hali zanen dutse", ta yi falsafa a kalma uku. Magini yakan ƙawata fuskar zaure da zane, damina ta cinye, a sake yaɓe. Na dutse kuwa ba mai kankarewa. Wato tana ganin hali ba ya sauyuwa. Ni dai ban bi ta gaba ɗaya ba, domin Bahaushen nan ne ya ce "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". Ki kai mata wannan, ki ji yadda za ta warware.

Wani tela daga Daura kuma ya ce: "A kirarin Katsina ana cewa ɗakin kara. Karan dawa ake nufi?"

Maigida, ka taɓo inda Daurawa ke son tsokanar maƙwabta. Akwai masu fassara shi da kara na gona, amma abin da Katsinawa suka riƙe, kuma shi na fi gamsuwa da shi, kara ce ta mutunci: ka danne haƙƙinka don kada wani ya ji kunya. Baƙo ya zo ana tsakiyar cin abinci, ka ce ka ƙoshi don ya samu. Surukinka ya yi kuskure a taro, ka kau da kai. Sauran kirarin ma yana goyon bayan haka, tunda ana ce musu "kunya gare ku, ba dai tsoro ba". Garin da ke alfahari da Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17, da hasumiyar Gobarau, da wuya ya zaɓi bukkar kara ta zama abin yabonsa.

Kai ma kana yin ta a shago, duk lokacin da abokin mahaifinka ya kawo ɗinkin Sallah ka kasa faɗa masa kuɗin aiki.