Abin da ya sa mu Hausawan Jamus ba ma wasa da sunan Hitila

Ƙanina ka tambaye ni me ya sa a guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan Hamburg ake cire duk wanda ya turo hoton Hitila yana masa kirari, har kana cewa ko tsoron Turawa ne. Toh doka tana ciki ba zan ɓoye maka ba, a nan in ka fito fili ka ce kisan Yahudawa ƙarya ne za ka iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5, ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi, wato 'yan jam'iyyar Hitila, ma laifi ne. Amma wallahi ko babu doka mu da muka daɗe a nan ba za mu yi ba.

Kaga mu a gida "yaƙin Hitila" kawai muka taso muna ji a bakin tsofaffi. A nan kuwa a ƙofar gida kake ganin abin, akwai wasu 'yan farantai na tagulla da aka dasa a ƙasa kan hanya, kowanne da sunan mutum da shekarar haihuwarsa da inda aka kai shi aka kashe, a gaban gidan da ya zauna na ƙarshe, wani gidan sai ka ga uba da uwa da yara a jere, yaro ɗan shekara huɗu fa. Kuma ba rana ɗaya aka fara ba, a 1933 Hitila ya hau mulki aka fara korar Yahudawa daga aikin gwamnati, 1935 aka ƙwace musu 'yancin zama 'yan ƙasa aka hana su aure da Jamusawa, daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙona wuraren ibadarsu aka farfasa shagunansu maƙwabta suna kallo, daga nan sai lodi a taragon jirgin ƙasa na kaya zuwa sansanin kisa na Auschwitz a Poland, inda aka kashe mutum wajen miliyan 1.1 yawanci da iskar gas mai guba. Gaba ɗaya an kashe Yahudawa wajen miliyan 6, yara kaɗai wajen miliyan ɗaya da rabi. Inna lillahi.

Ni abin da ke ci mini rai shine baƙar fata ya yabi mutumin nan. A 1937 gwamnatinsa ta yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus tiyatar dole don kar su taɓa haihuwa, a 1940 kuma sojojinsa a Faransa sun riƙa ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da suka kama suna bindige su. Musulmin Albaniya kuwa ɓoye Yahudawa suka yi a gidajensu.

Na san maganar Gaza ce a ranka, mu ma tana ranmu, muna fita zanga-zanga muna tara gudummawa a masallaci. Amma yarinyar da aka kashe a 1943 ba ta da hannu a abin da wata gwamnati ke yi yau, kuma masu son Hitila a nan su ne dai ke kai hari masallatai suna cewa mu tattara mu koma. 'Ya'yanmu a makaranta ake koya musu duk wannan. Shi ya sa in baƙo ya zo daga gida muke zaunar da shi tun makon farko mu yi masa bayani, in da hali ma a kai shi sansanin Neuengamme nan kusa da mu, inda 'yan Nazi suka tsare mutane, shiga kyauta ne, ya gani da idonsa.